Shekarun Inna a Katin Zaɓe

Lokacin da sojoji suka ce za su koma bariki, ina koyarwa a wata firamare a Tarauni. Aka ɗebi wasunmu aikin yi wa jama'a rajistar zaɓe, ni aka tura ni Gyaɗi-Gyaɗi tare da wani dattijon malamin Hausa da ya kusa ritaya. Aka ajiye mana tebur da benci a ƙarƙashin darbejiya. Ni ke rubutu, shi ke dangwala wa mutane yatsa.

Ranar farko da hantsi wata tsohuwa ta zo. Daga ƙauye take, tana zaune wurin ɗanta direban hayis. Na ce, "Inna, shekarunki nawa?"

Ta ce, "Ɗan nan, wa ya ƙirga mini? Na dai ga zamani."

Layi ya yi tsawo, sai na ɗaga biro zan rubuta sittin kawai. Malam ya dafa hannuna, ya matso mata da benci.

"Inna, da kika yi wayo, wane zamani ake ciki?"

"Zamanin Turawa mana. Da idona na ga Bature a kan doki."

"Autanki fa?"

"Ina goye da shi zamanin da motoci suka koma hannun dama. Direbobi duk suka rikice."

Malam ya yi lissafi da yatsu, sannan ya faɗa mini adadi, wanda ya haura nawa da kusan goma. Tsohuwa ta leƙa takardar, ko da yake ba ta karatu, ta ce, "Ashe haka na daɗe!" Da za ta tafi ta ce masa, "Allah ya ja zamaninka." Ya yi dariya ya ce ai wannan gaisuwar sarakuna ce. Ta ce yau dai shi ta ga ya cancanta.

Da muka tashi sallar azahar na ce masa ai ya ɓata mana lokaci. Ya ce, "Lokaci ka ce. Shi agogo ke auna shi. Zamani kuwa sai da mutane a ciki, shi ya sa ake cewa mun yi zamani da wane." Muna tafe yana jero mini: zamanin wani sarki, takin zamani, ɗan zamani, har da ƙarshen zamani da tsofaffi kan ambata in sun ga abin da ya ɗaure musu kai. Ya ce kalma ɗaya ce, amma da ita ake yabon sabon abu, da ita ake kewar tsoho. Na tambaye shi ko wannan mulkin farar hula da za mu shiga shi ma zamani ne. Ya ce tukuna, sai an zauna a cikinsa.

Sati biyu muka yi tare, ban taɓa ganin ya yi wa wani tsoho gajen haƙuri ba. Daga baya na soma gwadawa da kaina. Wani tsohon birkila ya ce mini an haife shi zamanin yaƙi, ni kuwa na ɗauka yaƙin basasa yake nufi, na ba shi shekara talatin da 'yan kai. Ya cire hula ya nuna mini furfura, ya ce yaƙin duniya na Turawa yake faɗa. Malam ya miƙo mini sabon fam.