Baba Sallau da Ɗan Allon Yaya Ramatu

Wata Asabar ce a cikin watan Maris, shekarar da nake aji biyar a lakwal, wato makarantar boko. Zafi ya riga ya sauka, har ƙasar tsakar gidanmu ba ta takuwa babu takalmi. Ina tsugune a gindin mangwaro ina wanke-wanke da ragowar ruwan da muka turo a ganga tun da safe, sai Yaya Ramatu ta fito daga ɗakinmu riƙe da farantin silba, tana tafiya a hankali kamar wadda ta ɗauko ƙwai. A kan farantin akwai wani ɗan falle kore da bai fi tafin hannu ba, babu murfi, duk hanjinsa a waje, an kifa masa wani ɗan gilashi mai faɗin sabulun wanka. Ta ajiye a kan tabarma, ta jona waya, muka yi cirko-cirko mu yaran gida. Gilashin ya yi fari, wasu ƙananan rubuce-rubuce suka yi ta gudu sama, sannan ya tsaya da haske shuɗi. Ta sa farce ta taɓa shi, ya amsa. Kafin mu rufe baki sai ga dariyar Baba Sallau daga bakin zaure. Ya ƙaraso yana gyara hula, ya zaro wayarsa mai faɗi ya ɗora kusa da allon don kowa ya ga bambanci, ya ce, "Wannan ne abin da aka tura ki jami'a ki koyo? Ai ni na san irinsa tun a Kumasi, yara ke wasa da shi."

Yaya Ramatu ba 'yar gidanmu ba ce ta jini. Daga Maradi ta zo. Kakanta da kakana sun yi fataucin goro tare, shi ya sa da ta samu gurbin karatu a Wagadugu mahaifinta ya ce ba za ta zauna a Zogona cikin ɗalibai ba alhali akwai gida a Zango. Kakarmu, wadda muke kira Yaaba kamar yadda maƙwabtanmu Mosi ke kiran tasu, ta karɓe ta, ta haɗa mu ɗaki ɗaya. Doguwa ce, ba ta da yawan magana, tana da wani tsohon keke da take hawa zuwa makaranta da jaka a goye. In ta dawo takan tube mayafi ta shiga aikin gida kamar kowa: ta tuƙa tuwo, ta tsince wake, ta raka mu layin famfo in an ɗauke ruwa a unguwa. Hausarta ta fi tamu tsabta. Mu mukan fara magana da Hausa, mu ratsa ta Faransanci, mu ƙare da Mosanci, ita kuwa sai ta yi murmushi ta tambaye ni da wanne za ta ba ni amsa.

Baba Sallau kuma ƙanen mahaifina ne, kuma tun ina ƙarama ban taɓa ganin ya kai wani aiki ƙarshe ba. Ya buɗe shagon kayan babur ya rufe. Ya ce zai kawo atamfa daga Lome, abin da ya iso gida kwali biyu ne na takalman roba, rabinsu ƙafar hagu. Ya taɓa zama a Kumasi 'yan watanni yana saurayi, kuma a kan wannan zaman ya gina duk iliminsa na duniya. Ba a kawo zancen jirgi, ko ciwon sukari, ko siyasar Turawa, bai ce ya san shi tun a Kumasi ba. Wuninsa a kan bencin ƙofar gida yake, cikin shadda mai sitaci wadda matarsa ta sha wahalar guga, yana shan shayin da wani ya dafa, yana gyara wa masu wucewa magana. Abincinsa daga tukunyar Yaaba yake fitowa, amma shi ne mai cewa gishiri ya yi yawa.

Abin da ke kan farantin nan aikin kammala karatun Yaya Ramatu ne. Ta bayyana mini cewa ɗan fallen kore kwamfuta ce cikakkiya, allon kuma, wanda take kira ekaran, shi ne fuskarta. Mahaifinta yana da lambun albasa da tumatir, kuma yana tsufa, ga ban ruwa yana cin ƙarfinsa. Tana so ta haɗa abin da zai ji bushewar ƙasa ya kunna injin ruwa da kansa, kuma mutumin da bai yi boko ba ya iya sarrafa shi da yatsa ɗaya. Don haka ta zana manyan akwatuna biyu a allon, kore da ja, ta rubuta "Buɗe" da "Rufe", da boko da ajami. A wajenta na fara ganin harafin ɗ mai lanƙwasa, domin a lakwal Faransanci kawai ake koya mana, ban ma san ana rubuta Hausa da irin waɗannan baƙaƙe ba. Ta soke wani ɗan ƙarfe mai yatsu biyu a cikin tsohuwar robar fenti da Yaaba ta shuka na'ana'a, ta sa ƙaramin injin ruwa a bokiti. In ƙasar ta bushe, allon ya nuna ɗigo ja, injin ya yi gurnani, ruwa ya biyo siririn tiyo. Yaaba ta daɗe tana kallo ranar farko, daga baya ta ce a matso mata da robar tattasai ita ma.

Allon yana da taurin kai. Ba ya jin shafa irin ta waya, sai an danna da farce ko da wani tsinken roba da ya zo da shi, wanda ƙanena ya ɓatar a mako na farko, muka koma amfani da murfin bik, wato biro. Wani lokaci a danna "Buɗe" ya ji "Rufe", sai Yaya Ramatu ta fito da 'yan alamomi a kusurwoyinsa ta ce in danna su ɗaya bayan ɗaya, wai yatsana ya fi nata daidai. In rana ta haska shi ba a ganin komai sai an yi masa rumfa da zane. Duk da haka mun so shi. In mun gama aikin gida, mun gaji da 'yar gala-gala da tsallen igiya, takan buɗe mana wani farin fili a ciki mu yi zane. Na zana keken ta, ƙanena ya zana Baba Sallau da ƙaton ciki, muka goge da sauri.

Raini bai hana Baba Sallau lissafi ba. Da ya ga maƙwabta suna shigowa kallon na'ana'ar da ke shan ruwa da kanta, sai ya kira Yaya Ramatu gefe ya ce ta ba shi abin ya kai wa wani abokinsa a kasuwar Sankaryaare, za su sa shi a kwali mai kyau su riƙa sayarwa a matsayin talabijin na aljihu, sunansa a jiki. Ta durƙusa ta ba shi haƙuri, ta ce ba talabijin ba ne, kuma shi kaɗai gare ta, ta jira shi watanni kafin ya iso, ga ranar da za ta tsaya gaban malamanta ta kusa. Ina jin su daga bakin murhu. Ya kaɗe rigarsa ya fita, daga ranar kuma ya daina amsa gaisuwarta.

A shekarar nan ne labaran hare-hare suka fara yawa a rediyo. Ana buɗe jakunkuna a ƙofar manyan kantuna, mutane suna kallon baƙo sau biyu. Baba Sallau ya samu abin da ya fi shayi daɗi. Ya fara da tambaya a kan benci: wai me yarinya za ta yi da wayoyi ja da baƙi, da allo mai ƙirga lokaci? Wa ya aiko mata da shi? Me ya sa aka rubuta da ajami? Mutanen bencin, waɗanda suka san shi sarai, waɗanda suka sha yi masa dariya a bayan ido, suka gyara zama suna gyaɗa kai. Cikin 'yan kwanaki maganar ta isa layin famfo. Mata suka riƙa jan gangunansu nesa da tamu. A lakwal wata yarinya ta ce mini uwarta ta hana ta zuwa gidanmu saboda muna kwana da bom. Na gaya wa mahaifina, ya ce in rabu da Sallau, surutu ne kawai, ya hau babur ya tafi shagonsa a Paspanga.

Ranar da abin ya faru Yaya Ramatu tana makaranta, Yaaba ta tafi gaisuwar rasuwa. Bayan la'asar Baba Sallau ya shigo da mutum huɗu ko biyar daga benci. Sun tsaya nesa da tabarmar, shi kuma ya fi kowa nisa, yana nuna musu da baki. Allon yana nan a kunne, ɗigon ja yana ƙiftawa domin tattasai ya bushe. Na ce musu ruwa kawai yake nema, in danna su gani. Wani dattijo ya daka mini tsawa. Baba Sallau ya aika aka ɗauko masa awartakin da muke juya gawayi, ya miƙa hannu iya tsawonsa, ya kau da fuska, ya cafko allon tare da fallen, wayoyi suna tsinkewa. Na riƙe masa riga ina kuka, ya ture ni da gwiwa. Ya tsoma shi cikin bokitin ruwan, ya yi tsalle baya har hularsa ta faɗi. Suka tsaya suna jira. 'Yan kumfa biyu suka taso, shi ke nan. Wani ya yi tari, wani ya tuna bai yi wata sallah ba, suka zare ɗaya bayan ɗaya. Baba Sallau ya ɗauki hularsa ya ce Allah ya sa ya zo da wuri.

Na tsamo shi na goge da zanena, na ajiye a farantin. Da Yaya Ramatu ta shigo da kekenta ta gani, sai ta zauna, ta raba allon da fallen, ta karkata shi, ruwa ya ɗiga daga gefen gilashin. Sannan ta tashi ta je ƙofar gida inda yake zaune, ta durƙusa kamar kullum, ta ce, "Baba, da kun jira na dawo, da na kashe muku shi da hannuna. Maɓalli ɗaya ne." Ya ce ta je ta gode wa Allah bai kira hukuma ba. Yaaba ta dawo ta yi masa faɗan da aka ji har gida na uku, ta ce tun da ta haife shi bai taɓa gyara ko ƙyauren bayi ba, sai ɓarna. Ya saurara yana sakace, da aka kawo tuwo ya ci. Mahaifina ya ce a yi haƙuri, a bar maganar a cikin gida, kada dangin Maradi su ji a samu ɓaraka. Wannan haƙurin nasa ya fi tsawar dattijon yi mini ciwo.

Yaya Ramatu ta binne allon da fallen cikin shinkafa kwana da kwanaki don su bushe. Fallen kore ya farfaɗo, allon bai farfaɗo ba. Yakan kawo haske, amma rabinsa baƙi ne, kuma ko an danna da ƙarfi ba ya amsawa. Ta zaga shagunan gari ba ta samu irinsa ba, wanda ta sa a kawo kuma bai iso ba sai da damina ta yi nisa, bayan 'yan ajinsu sun gama sun watse. Shekara guda ta tafi haka nan. Ta tattara kayanta ta koma ɗakin ƙawayenta a Zogona. Yaaba ta raka ta har bakin titi tana riƙe da hannunta, ni kuma na tura mata keken. Ta gama a shekara ta gaba, muka ji a bakin wani direban Nijar, wanda ya ce mahaifinta ya rasu bai kai ga ganin injin a lambunsa ba. Ba ta sake taka gidanmu ba. Takan kira Yaaba da Sallah, har Yaaba ta rasu, daga nan kiran ya tsaya.

Baba Sallau yana nan da ransa, gemu ya yi fari, bencin ma an sake shi sau biyu. Kwanakin baya na je gida na tarar yana ba wasu samari labari cewa wata injiniya ta taɓa zama a gidanmu, kuma shi ne ya fara gane kanta yana ja, har yakan ba ta shawara. Samarin suna gyaɗa kai kamar yadda iyayensu suka yi. Na wuce ban gaishe shi ba, ya ce yaran yanzu boko ya lalata su.

A cikin gida an sare mangwaron an yi ɗakunan haya. Kowane yaro yana riƙe da waya mai santsi wadda ke jin ko shafar iska, kowa ya juya wa ɗan'uwansa baya, kuma babu wanda ya taɓa ganin abin da ke bayan gilashin, balle ya yi tunanin mutum irinsa zai iya haɗawa. Mu muna da allo ɗaya mai gardama, mu bakwai muna ture juna a kan tabarma, da wadda za ta buɗe shi ta nuna mana cikinsa in mun tambaya. Na sha neman lambarta ban samu ba. Ban taɓa jin ta faɗi mummunar kalma a kan Baba Sallau ba, ni ce har yau nake raina shi a madadinta.