Ɗakin da Ba a Shiga da Ƙarfe

Rubuta yadda na faɗa, ɗiyata, ko kin ga ina kuka kada ki tsaya. Tun ranar da 'yan bindiga suka shigo ƙauyenmu na bar mijina a masallaci, wani labarin kakata ya hana ni sakat.

Muna yara a wajen Sabon Birni, in an ci tuwo sai mu kewaye murhun Kaka Ige, tana gasa mana gyaɗa a toka. In ta ji daɗinmu, sai ta ɗauko labarin ɗakin Inna.

Ta ce a zamanin Alƙalawa, tsohon birnin Gobir, an yi wata farar saniya da kullum take dawowa gida ba nono. Makiyayi ya bi ta, ya tarar da ita tsaye kan wani baƙin dutse a gindin tsamiya, nono na zuba da kansa. Aka ce Inna ce ta zaɓi wurin, iskar da Gobirawan dauri suke girmamawa. Aka gina ɗaki a kan dutsen, matan gidanmu ke zuba masa nonon farko. Ba a shiga da takalmi, ba a shiga da ƙarfe. Ko ɓarawo ya faɗa ciki, ya tsira.

Da rundunar jihadi ta iso, kakar kakarta, Hassu, tana da goyo, ga wani a hannu, ga babbar ɗiyarta da kurkunu ya cinye wa ƙafa. Ta kwantar da ita jikin dutsen, ta ce nan babu mai shiga da mashi, ta gudu da sauran biyun. Mayaƙan kuwa ɗakin tsafi suka gani. Shi suka fara sa wa wuta.

"To yarinyar fa, Kaka?" in ji ni.

"Ke da tambaya awa alƙali! Inna ta ɗauke ta tun wuta ba ta kama ba. Ku tai ku kwanta." Sai ta sunkuya tana tonon toka, alhali gyaɗa ta ƙare.

Mijina Malam gwiwoyinsa sun daɗe da mutuwa. Ran da 'yan bindigar suka shigo ya ce mini, "Hajo, kai ni masallaci ki tai da jikoki. Nan ba su shiga." Ni na kama hannunsa, ni na shimfiɗa masa buzu. Sun shiga. Sai bayan kwana biyu maza suka koma suka yi masa sutura.

A nan garin Isa, a ɗakin aro, na gane babu wanda ya ga Inna ta ɗauki kowa. Hassu ce ta faɗa wa yaranta haka don ta iya kallon idonsu, jikoki suka gada har ya iso kunnena. Ban zarge ta ba, Allah ya gani.

Shekaranjiya jikata Nana ta ce, "Kaka, wa ya bar Malam shi kaɗai?" Na lalubi abin da za ni rufe mata da shi, ban samu ba. Na ce, "Ni ce."

Har yau ba ta sake tambayata komai ba.