Albasar da Malam Haladu Ya Ƙi Raɗa wa Suna

Daminar bana ce za ta cika shekara goma sha bakwai da rasuwar Malam Haladu, abokina kuma abokin aikina. Shi yana koyar da ilimin tsirrai, ni Turanci. Shi Bakano ne Musulmi, ni Kirista ɗan Zariya. Allah ya jiƙansa.

A bayan gidansa na Nassarawa, tsohon gidan ma'aikatan gwamnati mai faɗin fili, akwai wani ɗan tsiro da ke fitowa bayan ruwan farko. Tsawonsa bai kai taƙi ba. Yakan fito da farin fure tun kafin ganye, ya yi kwana ɗaya ya yanƙwane, ya koma ƙasa sai wata shekara. Mutane suna ce masa albasar kwaɗi, kamar yadda suke ce wa duk wani mai kai a ƙasa wanda ba a sa shi a miya. Wannan sunan yana ɓata wa Malam rai. A cewarsa tsirrai da dama ne aka cusa cikin suna ɗaya, kuma jinsinsu ba ɗaya ba. Yana rarrabe su da ƙirgen kunnuwan fure, da duba ko karan furen da rami a ciki, da inda 'ya'yan ke zama. Sauran duk ya san gidansu. Wannan ɗaya ne ya ƙi shiga ko'ina.

Ƙa'idarsa ita ce ba ya raɗa wa tsiro suna sai ya ga furensa da ganyensa da irinsa a jiki ɗaya. Shi kuwa wannan bai taɓa yin iri a gabansa ba. Na taɓa ce masa ya sa shi cikin dangi mafi kusa mu huta. Sai ya ce, "Malam Bulus, kai ma da a ce da idon farko aka yi maka hukunci, da tuni kana Zariya."

Lokacin kuwa farkon mulkin farar hula ne, an ƙaddamar da Shari'a, gari ya cika da masu saurin rarraba mutane. 'Yan uwana da yawa sun tattara sun koma gida. Da aka yi wata 'yar hatsaniya, a gidansa na kwana da iyalina, bai kuma taɓa ɗaga zancen ba. Da gari ya waye ma tsiron nan ya ja ni na gani.

Nakan yi tunanin abin da zai ce yau. Jikata takan haska ganye da waya, nan take suna ya fito. An ce masana ma sun sake wa tsirran nan dangi bayan gwajin ƙwayoyin halitta. Ina jin zai karɓi gwajin, wayar kuma ya tambaye ta yaushe ta ga irin.

A watan jiya matarsa Hajiya Rabi ta kira ni. Magada sun sayar da gidan, mai saye kuma zai shimfiɗe filin da siminti kafin ruwa ya sauka. Tana so a tono tsiron. Amma da rani babu ko alamarsa, ƙasa ce fayau. Ta yi makonni tana zuba ruwan famfo ko zai leƙo, bai leƙo ba.

Na je muka tsaya a filin. Na nuna gindin katanga, ta nuna kusa da rijiya.

Ta ce, "Malam, ai kai ne kake binsa nan kullum."

Na ce, "Hajiya, shi nake kallo, ba ƙasar ba."

Muka sa aka tona wuraren biyu. An sami kawunan albasa da dama, dukansu kamar an tsaga kara. Suna cikin tukwane yanzu a Hotoro, gidan ɗanta. Ko da sun yi fure ban da tabbacin zan gane nasa, don wanda zai iya ganewa yana kwance shekara goma sha bakwai.

Abin da ya bar mini shi ne nauyin baki kafin in ce wane kaza ne. Ya yi mini amfani fiye da duk littattafan da na koyar. Jiya na bi ta ƙofar gidan, na tarar an gama zuba simintin, an goge shi sumul. Hadari ya fara haɗowa ta gabas, kuma abin da muka bari a ƙarƙashi bai san an sayar da gidan ba.