Tantabarar Krakow da Rigar Baba

Wata Asabar cikin watan Yuni, shekarar da na cika goma sha ɗaya, muna tsaye a babban dandalin birnin Krakow na ƙasar Poland, ni kuwa na cika na yi fam. Yayana Auwalu ne ya gama karatun likita a can, muka taso daga garin Laurel, inda muke zaune, domin bikin, da hutun kwana uku kacal da aka ba Baba a sito ɗin da yake gadi. Tun safe Auwalu ke jan mu, daga tsohuwar fadar da ke kan tudu zuwa cocin jan bulo inda mai busa ƙaho ke leƙowa ta tagar hasumiya duk awa. Ni duk ba su ne a gabana ba. Baba ya zuba babbar riga da hula, Turawa sai kallonsa suke yi, ina ta ja da baya don kada a ce tare muke. Gaskiya kunyarsa nake ji, ko a makaranta ƙarya nake shararawa wai injiniya ne.

Dandalin cike yake da tantabaru. Can sai wata yarinya ta fashe da kuka, tana nuna wata da zare ya ɗaure wa ƙafafu har yatsunta sun kumbura. Manya da gemunsu suka yi ta binta, har da mai keken doki, kowa ya kawo hannu sai ta tashi. Da na ga Baba ya miƙa wa Mama jakarsa, na ce a raina yau mun shiga uku. Ya marmasa burodi, ya durƙusa yana kwaikwayon kukansu a maƙogwaro, nan da nan suka yanyame shi. Sai kawai ya watsa hannun rigar nan, caraf, mai zaren ta shiga. Ya zauna a ƙasa ya tsinke zaren da abin yankan farce, ya hura mata iska a ka, ya sake ta. Dandali ya ɗauki tafi.

"Tun ban kai ki ba nake kiwon su a soron gidanmu," in ji shi, yana karkaɗe gwiwa.

Wallahi ban san lokacin da na kutsa cikin taron na cafke hannunsa ba. Duk wanda muka haɗa ido da shi sai in ce masa babana ne, da Hausa, ko ya ji ko bai ji ba.

Yau a asibiti nake aiki a garin Largo, hannun da ya cafe tantabara kuwa rawa yake yi saboda tsufa, ni ke riƙe masa kofin shayi. Na so a ce tun kafin Krakow na riƙe hannun nan. Amma duk wanda ya tambaye ni aikin babana, gadi nake cewa, da ƙarfi.