Kwamfuta Ɗaya a Gidan Gandu

Duk wanda ya san Sama'ilu na Bagwai ya san ba abin da ya ƙi jini kamar a ce "a raba". Tun rasuwar mahaifinsu shi ke riƙe da gandu: gona ɗaya, rumbu ɗaya, tukunya ɗaya. Kullum cikin fargaba yake, kada ƙaninsa Jamil, malamin makaranta mai mata da 'ya'ya, ya ce a yanka masa tasa gonar.

Mai hali ba ya fasa halinsa. A Kano Sama'ilu ya koyi Python, yaren rubuta manhaja, ya rubuta 'yar manhaja a kwamfutarsa mai tura wa manoma hasashen ruwan sama ta waya. Da kwamfutar nan kuma Jamil ke haɗa sakamakon ɗalibai, da tasa manhajar. Ramlat, wadda suka yi karatu tare, ta sha gaya wa Sama'ilu ya ware wa kowane aiki ɗakinsa a cikin kwamfutar. Ya ce su a gidansu ba a haka. Taurin kai ne zalla, amma shi zumunci yake kiransa.

Ranar da hadarin farko ya haɗo, manoma na jiran a ce su yi shuka ko su dakata, manhajar ta ƙi tashi. Ashe Jamil ya sauke sabon samfurin wani kayan aiki da manhajojin biyu ke ɗauka a wuri guda. Sabon ya ture tsohon, ta Sama'ilu kuwa tsohon ta sani. In ya mayar da shi, aikin Jamil ya rushe. Gaba kura, baya sayaki. Waya sai ƙara take.

Dole ya kira Ramlat.

"Ai na gaya maka," in ji ta. "Venv ake ce wa ɗakin nan. Ka buɗe wa taka ɗaya, ka zuba kayanta a ciki, Jamil ma ka buɗe masa. Python ɗin ɗaya ne, amma abin da ya zuba a nasa ba zai taɓa naka ba."

Ya yi yadda ta ce. Saƙo ya tafi. Aka gwada ta Jamil, ita ma lafiya lau.

Jamil yana tsaye a kansa tun ɗazu. Ya nuna allon.

"Yaya, ka ga ba a yi faɗa ba," ya ce a hankali. "Ɓangaren gona na bakin rafi nake so a yanka mini. Bana."

Sama'ilu ya dubi allon, inda manhajojin biyu ke aiki kowace a ɗakinta.