Gurbin Bronka a Dajin Fararen Itatuwa

A ƙauyen nan kowa na shiga daji tsintar naman kaza, amma ba kwandon da ke dawowa da nauyin na Bronka. Uwarta ce ta nuna mata gurbin da yake fitowa tun tana budurwa. Mijinta Leszek ya rayu da ita har ya koma ga Ubangijinsa, yana shan miyar naman kazan a jajibirin Kirsimeti yana santi, bai taɓa sanin inda ake samo shi ba.

Da kakar bana gwiwoyinta suka ƙi. Ta ga in ba ta nuna wa wani ba, gurbin zai bi ta kabari. 'Ya'yanta maza bakinsu ba ya riƙe magana. Sai ta kira Jadzia, matar autanta.

"Ɗauko kwando, 'yar nan. Ki bar wayar nan a gida."

Suka bi ta cikin itatuwa masu farin ɓawo, inda gansakuka ke shanye ƙarar taku, ƙasa na ƙamshin ruwan jiya. A gindin tudu Bronka ta zauna kan kututture, numfashi ya gaza.

"Haye ke kaɗai. Inda farin itace ya haɗu da mai ganye kamar allura, duba gefen inuwa. Naman kazan borowik ba ya nisa da itacensa."

Jadzia ta daɗe. Ta dawo da ganye a gashi, ta zube tsintuwarta a cinyar tsohuwa. Masu hula ruwan ƙasa ne, ƙafa kamar taɓarya. Guda ɗaya ta ware a hannu.

"Wannan fa?" in ji Bronka.

"Ƙarƙashinsa ya yi ja-ja, Mama. Na taɓa da harshe, ɗaci kamar maɗaciya."

"Da kin saka shi, da tukunya duka ta tafi wa aladu." Bronka ta kau da kai don kada a ga murmushin da ke fuskarta.

A bakin gari suka tarar da maƙwabcinsu Wacek jingine da shinge, idonsa a kwando.

"Kai, amarya! Ina kuka yi wannan ɓarna?"

"Can bayan maƙabarta, Baba, wajen fadama," in ji Jadzia, ko ƙiftawa ba ta yi ba. "Ka sa dogon takalmi."

Bayan maƙabarta babu komai sai sauro. Bronka ta miƙa wa Jadzia wuƙarta ta tsintar naman kaza, ta riƙe hannunta har gida.