A-kori-kurar da Landan Ta Ƙi

Ana sallame sallar asuba muka kama hanyar filin jirgin Kano, ni da Baffa a bayan tasi. Kada ku ɗauka rakiyar ƙauna ya yi mini, ya biyo ni ne ya ƙara jaddada mini sharaɗinsa. Baffa ƙanen mahaifinmu ne, shi ke riƙe da fadamar gidanmu tun rasuwar tsohonmu, tumatir muke nomawa a cikinta da rani. Tsakanin fadamar da bakin kwalta akwai rairayi da wani mashigin rafi wanda duk direban babbar mota ya gani sai ya juya. Da jakuna muke fitar da kaya, kwando bibbiyu, kafin a kai titi rana ta dafa rabi. Bara da hannuna na zubar da tumatirin da ya isa a yi wa unguwa guda miya.

To yanzu kuɗin mai ya shigo ƙasa, kowa gini yake yi. Wani ɗan kwangila ya zo yana taya fadamar, wai zai riƙa buga bulo a wurin, har ya kakkafa turakunsa a gefe. Baffa ya gaji. Ya ce idan tumatirin bana ya nuna babu motar da za ta shiga ta ɗauko shi, zai sallama. Sabuwar a-kori-kura a Kano sai ka ba da suna ka yi ta jira, dillalai suna yi maka yanga. Autanmu da ke karatun likita a Landan ya aiko cewa tsofaffi masu ƙwari suna nan jibge a can. Muka sayar da shanun huɗa, aka ɗora mini tafiyar. A aljihuna akwai fasfo da wata igiyar rama da na ƙulla daidai faɗin bakin kwandonmu, ƙulli bayan ƙulli.

Jirgi dai ba ni da abin cewa a kansa, sai shayin da suka ba mu wanda ko yaro ba zai kira shi shayi ba. Muna sauka sanyi ya mare ni. Auta ya tarye ni da wata ƙatuwar kwat, na ɗora ta a kan babbar riga, na zama kamar buhun gyaɗa mai tafiya. Muka hau bas, muka sauya zuwa jirgin ƙasa, sannan muka isa Plumstead inda yake zaune. Gidajen duk iri ɗaya, a jere, jan bulo, in ka fita ba ka riƙe lamba ba sai ka ƙwanƙwasa ƙofar wani. A hanya na ga motoci suna bin hannun hagu kamar yadda muke yi a da kafin a canza mana hannu, na yi dariya na ce ashe su ba su waye ba tukuna. Daga dariyar ban ƙara tunanin komai ba, kuma ku riƙe wannan.

Auta ya tuƙa mini tuwon garin shinkafa, ya yi miya da tumatirin gwangwani. Ni! Manomin tumatir ɗan manomin tumatir! Na ci don yunwa, amma sai da na faɗa masa miyar tana warin kwano. Washegari ya kai ni kasuwa in ga na gaske. Wasu 'yan farare-fararen abubuwa ne a kan sikeli, ba ƙamshi ba ja, kuɗin 'yan ƙwayoyi kaɗan ya isa ka cika faranti a Kano har a yi maka gyara. Na tsaya ina kallo raina yana ƙuna, mu muna zubarwa, nan ana aunawa kamar zinariya.

Kafin mu fara yawo mun biya ofishin masu jirgin ruwa. Suka ce jirgin da zai tashi mako mai zuwa shi ne zai isa Ikko a kan lokacin da nake so, na bayansa sai tumatir ya ƙare. Auta ya ce, “Yaya, kada ka damu, na yi booking, na tsayar da alkawarin ganin motoci a wurare da yawa, duk za mu gani.”

Muka gani kuwa. Ta farko tana ƙyalli kamar amarya, na durƙusa na auna tsakanin cikinta da ƙasa da kamuna, ba ta kai ba. Mashiginmu zai yage mata ciki tun ranar farko. Ta biyu na shimfiɗa jarida na shige ƙarƙashinta na ƙwanƙwasa da mukulli, tsatsa ta zubo mini a ido. Auta ya ce gishirin da suke watsawa a titi lokacin ƙanƙara ne ke cinye su ta ƙasa. Mai motar ya tsaya yana kallon ƙafafuna da suka leƙo waje, Auta kuwa kunya ta ishe shi, wai a nan ba a haka. Na ce masa shanunmu ne a cikin maganar, in ta kama in kwana a ƙarƙashin zan kwana.

Ta uku ita ta tafi da hankalina. Koriya, mai ja da ƙafa huɗu, cikinta a sama, inji yana kaɗawa lafiya lau. Na shimfiɗa igiyata a bayanta, kwando uku suka zauna a faɗi ba matsi. Zuciyata ta ce shi ke nan. Dillalin, wani matashi mai gashi har kafaɗa, ya miƙo mini mukulli in ɗana. Na zagaya da saurina na buɗe ƙofar hagu na faɗa ciki, na miƙa hannu in kama sitiyari, sai iska. Sitiyarin yana can dama. Dillalin ya tuntsire da dariya, Auta ma haka, ni ma na taya su. Ina cikin dariyar sai wani abu ya faɗo mini a rai.

Jama'a, mu fa mun koma hannun dama! Auta ya bar gida tun kafin a canza, shi har yanzu a kansa Kano da Landan hannu ɗaya suke bi, shi ya sa duk motocin da ya nemo sitiyarinsu a dama yake. Ni kuma da na sha wahalar canjin da jikina, ƙyalli ya rufe mini ido. Na tuna wani ɗan garinmu da ya sayo irinta, ta daɗe a tashar jirgin ruwa ana cewa sai an juya mata sitiyari. Ko an sake ta ma, yaya zan wuce tirela a hanyar Zariya da lodin kwanduna, ina zaune ta gefen daji ban ga abin da ke tahowa ba? Na fito na mayar da mukulli. Muka hau bas muka kama hanyar komawa. Fadamar kawai nake gani an jera mata bulo.

Muka shiga neman mai sitiyarin hagu a garin da kowa nasa a dama yake. Duk inda muka tambaya sai a girgiza kai. Ranar Juma'a muka hau tube, wato jirgin da ke bi ta ƙarƙashin ƙasa, zuwa Regent's Park inda Musulmi ke taruwa. Larabawa, 'yan Pakistan, namu ɗalibai da manyan ma'aikata da 'ya'yansu da kake gaishe su da Hausa su amsa da Turanci. Na yi addu'a a ranar kamar ban taɓa yi ba. Muna neman takalma ina yi wa Auta mita, sai wani dattijo ya dafa ni. Mutumin zangon Kumasi ne, yana aikin dako a bakin kogi. Ya ce, “Alhaji, na ji magana naka. Akwai wani mota a Deptford, ya daɗe yana tsaye, ba wanda yana so shi. Sitiyari nasa yana hagu.” Wallahi da ba a bakin masallaci muke ba da na ɗaga shi sama.

Deptford kasuwa ce sosai, mai hayaniya da ƙarnin kifi, har da wani shago da na ga doya da manja. A nan na fara jin kamar ina cikin mutane. Mai motar wani tsohon Bature ne mai jan hanci, kayan lambu yake sayarwa a kan teburi. Ɗansa ne ya taho da ita daga Jamus inda ya yi aikin soja, shi kuma tsohon ya kasa sabawa da ita, ya jingine ta a lungu. Launin toka ce, fenti ya koɗe, ƙofar baya ɗaure da waya. Ba ta da kyan gani ko kaɗan. Na auna cikinta, kamu guda har da ɗori. Na shige ƙarƙashi na ƙwanƙwasa, ƙarfe ya amsa garau. Tana ja da ƙafa huɗu. Na tayar da ita, na ɗora tafin hannu a bakin salansa, ba baƙin hayaƙi ba mai. Da na shimfiɗa igiya tsohon ya matso ya tambayi ta mece ce. Auta ya yi masa bayani, sai fuskarsa ta washe, ya ce ashe abokin sana'a ne. Ya kawo mana shayi mai madara, wannan kam shayi ne.

Ya faɗi kuɗinsa. Na taya ƙasa, ya ce a'a. Sai na yi abin da duk ɗan Kano zai yi, na taɓe baki, na kushe fenti, na ja hannun Auta muka juya muka tafi. Ina tafe a hankali ina jira a kira ni. Shiru. Na ƙara rage sauri. Shiru. Muka kai kwana na laɓe na leƙo, tsoho ya koma yana auna wa wata mata kabeji, ya ma manta da mu! Auta ya riƙe ciki yana dariya har da hawaye, ya ce, “Yaya, nan in ka tafi ka tafi ke nan.” Na ce ya rufe mini baki, tun da ya sani me ya hana shi faɗa? Haka na koma da ƙafata, ina gyara hula kamar wani abu na manta.

Tsohon bai nuna ya ga komai ba. Da kansa ya rage kuɗin, ya ce ba zai ɓoye mini ba, sitiyarin nan aibi ne, kowa ya zo saboda shi yake fasawa. Na so in yi shiru. Amma mutum ya ba ni shayi, ya kira ni abokin sana'a. Na ce Auta ya faɗa masa gaskiya, a ƙasarmu wannan shi ne daidai, shi muka kwana muna nema. Auta ya zaro ido, na ce faɗa masa. Tsohon ya yi dariya har da buga teburi, ya ce abin da ya faɗa ya faɗa, ba zai ƙara ko kwabo ba. Ya shiga lungu ya fito da safayar taya da tamfol ya jefa a baya, wai a rufe tumatir kada rana ta taɓa shi. Muka tafa. Ni na tuƙa ta har tashar jirgin ruwa, Auta yana gefe yana salati a kowace kwana.

Na dawo Kano ta sama, ita ta biyo ruwa. Baffa ya tambaye ni ina motar, na ce tana teku. Ya ce, “Uhm.” Wannan uhm ɗin ta hana ni sakewa har ranar da aka aiko ta iso. Na tafi Ikko na karɓo ta, na taho da ita ta Ilori da Kaduna, ko tari ba ta yi ba. Na shigo gari tumatir ya fara ja. Yara suka bi ta da gudu, manya suka ce wannan tsohuwar ce aka je har Ingila dominta?

Da sassafe na ce Baffa ya shiga gaba. Muka nufi fadama. Da muka zo rairayi na sa mata giyar ƙafa huɗu, ta ratsa tana gurnani. Muka gangara mashigi, Baffa ya dafe ƙofa da hannu biyu, ruwa ya fantsama, ta haye kamar ba komai. Masu tsinka suka saki kwanduna suna ihu, mata suna guɗa daga gonar maƙwabta. Aka jera kaya uku-uku daidai yadda igiya ta ce, aka ja tamfol. Hantsi bai gama dubawa ba muna kasuwar 'yan gwari a birni, tumatir da sanyinsa, ko ɗaya bai fashe ba. Ban san sanda hawaye ya zubo mini ba, kuma ban ji kunya ba.

Abin da na koyo a tafiyar nan shi ne, in za ka sayi abu a garin wasu, ka tafi da ma'aunin garinku, ka riƙa tuna hanyar da zai bi ba wadda ka same shi a kai ba. Kuma in ka je Landan ciniki, kada ka juya baya sai in da gaske tafiya za ka yi.

A hanyar komawa muka zo gefen fadama, inda turakun ɗan kwangila suke. Baffa ya ce in tsaya. Ya sauka da kansa, ya tumɓuke su ɗaya bayan ɗaya, ya watsa a bayan mota. Ya dawo ya zauna ya rufe ƙofa, ya ce, “Mu je gida. A ɗaure jakunan nan da su, su ma su huta.”